Lambar da Ba Ta Rabuwa, da Tambayar "Ina Amfaninta?"

A kan hanyar da ta tashi daga Gwagwalada ta nufi Lokoja, a Sheda ta ƙaramar hukumar Kwali, akwai wata cibiya da matafiya da yawa suke wucewa ba tare da sun lura da ita ba. Ita ce Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarar 1988, aka kuma tabbatar da ita da doka mai lamba 40 ta 1989. Shugabanta na farko shi ne Farfesa James Ezeilo. Aikinta shi ne horar da masana lissafi, da ƙarfafa bincike, da shirya 'yan makaranta domin gasar lissafi ta Afirka da ta duniya. Ba a ƙera mota a wurin, ba a haɗa magani, ba a sarrafa taki. Yawancin aikin tunani ne a kan lambobi.

Idan yaro ya dawo gida a Kubwa ko Nyanya ya ce wa iyayensa irin wannan aiki yake so ya yi har tsufansa, abin da zai fara ji shi ne, "To, ina amfaninsa? Me za ka ci?" Tambaya ce ta ƙauna, gama ta fito daga bakin waɗanda suka sha wahalar biyan kuɗin makaranta. Amma a ƙarƙashinta akwai wata tambaya da ta fi ta tsufa: shin darajar sani tana ga abin da zai sa a tukunya ne kaɗai? Ana iya gwada wannan tambaya a kan wani abu da a ido ba shi da amfanin komai, wato wata ƙatuwar lamba da aka gano a shekarar 2024.

Gagara-rabo

Uwar da take da mangwaro 12 tana iya raba su daidai ga yara biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida. Amma idan 13 ne, ba yadda za ta yi. Ko dai ta ba yaro ɗaya duka, ko ta tara yara 13 kowa ya ɗauki ɗaya. Duk wani rabo dabam sai ya bar saura. Irin wannan lamba, wadda ba abin da yake raba ta daidai sai 1 da ita kanta, ana iya kiranta gagara-rabo. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19 da 23. Tsakanin 1 da 100 akwai guda 25. Kowace lamba da ta fi 1, in ba ita kanta gagara-rabo ba ce, to da su aka gina ta: 12 ita ce 2 sau 2 sau 3, 100 kuwa 2 sau 2 sau 5 sau 5. Su ne tubalin dukan lissafi.

Akwai wani dangi na musamman a cikinsu. A ninka 2 da kanta sau da yawa, sa'an nan a ɗebe 1. Biyu sau biyu huɗu ne, a ɗebe 1, saura 3. Idan biyu-biyu uku aka ninka, 8 ne, saura 7. Idan biyar ne, 32, saura 31. Idan bakwai ne, 128, saura 127. Dukansu gagara-rabo ne. Mai karatu zai iya zaton hanya ta miƙe ke nan, amma idan aka ninka biyu-biyu 11 aka ɗebe 1, ana samun 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. Ana kiran wannan dangi da sunan Marin Mersenne, wani firist ɗan zuhudu na ƙasar Faransa wanda ya rayu daga 1588 zuwa 1648.

A watan Oktoba na 2024 wani injiniya a Amurka mai suna Luke Durant ya gano ta 52 a cikin waɗanda aka sani a wannan dangi. Ana samunta idan aka ninka biyu-biyu har guda 136,279,841, aka ɗebe 1. Tana da alƙaluma 41,024,320. Ta fara da 8, ta ƙare da 1. Da mutum zai karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi kwana 474 bai gama ba. Da za a rubuta ta a layi ɗaya, alƙaluma biyu a kowace santimita, tsawonta zai kai kilomita 205, ya zarce layin dogon da ya tashi daga Idu zuwa Rigasa. A ranar da aka sanar da ita, ba wata gagara-rabo da aka sani da ta kai ta girma.

Ƙarar da take da ƙarfi

Durant ya yi hayar dubban na'urori masu ƙwaƙwalwa a ƙasashe 17 na kusan shekara guda. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa ya kashe kusan dala miliyan biyu daga aljihunsa, alhali ladan da aka ajiye wa mai ganowa dala 3,000 ne. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna layin ruwa a bayan gari, ko yara suna karatu a ƙasa don ba benci, yana da dalilin da zai tambaya rijiyoyin burtsatse nawa wannan kuɗi zai haƙa. Bai kamata a raina wannan ƙara ba. Yunwa gaskiya ce, kuma mai jin ta ba ya ƙoshi da lamba.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, abin da ba shi da amfani yau yana iya zama mai amfani gobe. Akwai shaida mai kyau a kan haka. A shekarar 1940 G. H. Hardy, babban malamin lissafi na Ingila, ya yi alfahari cewa nazarin lambobi irin nasa ba shi da wani aiki a kasuwa ko a fagen yaƙi. Ya rasu a 1947. Shekara 30 bayan haka, a 1977, mutum uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka fito da wata hanyar ɓoye saƙo da ta dogara ga gagara-rabo. Asirinta mai sauƙin faɗi ne. Ninka manyan gagara-rabo biyu aiki ne na ƙiftawar ido ga kwamfuta. Amma idan amsar kaɗai aka ba ta aka ce ta nemo biyun da suka haife ta, tana iya shafe shekaru ba iyaka. Mai riƙe da lambobin biyu shi ke da mabuɗi. Wannan dabara tana cikin abubuwan da suke tsare katin ATM da ma'aikaci yake sa wa a na'ura a Wuse ko Garki, da saƙonnin da suke yawo a intanet.

Sai dai wannan amsa ba ta isa ba. Gagara-rabon da ake ɓoye saƙo da su masu alƙaluma ɗaruruwa ne, kuma dole su zama asiri. Lambar Durant ta yi girma ainun, duk duniya kuma ta san ta. Ba bankin da zai kulle ƙofarsa da ita. Ban da haka, wanda ya kare ilimi da cewa wataƙila zai kawo kuɗi nan gaba ya riga ya yarda cewa kuɗi ne ma'auni, jayayyarsa a kan lokaci ce kawai. Idan har akwai daraja a wannan nema, dole a same ta a wani wuri dabam.

Abin da ba mutum ya ƙera ba

Kwali ɗin nan da cibiyar lissafi take ita ce mahaifar Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda hotonta yake bayan takardar naira 20. Tulunanta na ruwa suna ɗauke da zanen kadangaru da kunamu da kifaye da tsuntsaye. Zanen nan bai ƙara wa tulu ko cokali ɗaya na ruwa ba, bai kuma sa ruwan ya fi sanyi ba. Duk da haka ba wanda ya ce ta ɓata lokacinta, kuma saboda shi ne aka kai aikinta Landan aka nuna. Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin cewa ɗan Adam ba ya tsayawa a kan abin da zai ci. Mai saƙa yana sa ado a bakin zane, mai gini yana yi wa soro zanko.

Amma tsakanin tulu da lamba akwai bambanci mai muhimmanci. Ladi Kwali ce ta gina tulunta. Da ba ta gina ba, da babu shi. Durant kuwa bai ƙera lambarsa ba, tarar da ita ya yi. Ba ta rabuwa tun kafin a haife shi, tun kafin a ƙera kwamfuta, tun kafin a aza harsashin Abuja. Da duk mutanen duniya za su taru su jefa ƙuri'a cewa 13 ta rabu gida uku daidai, ba za ta rabu ba. Ba sarki ko gwamna ko attajiri da zai iya sauya wannan.

Masanan ikkilisiya na dā sun lura da haka. Akwai lambobin da ake kira cikakku, wato waɗanda idan aka tara duk lambobin da suke raba su, ban da su kansu, sai a sake samun su: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 kuwa 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Kowace gagara-rabo ta dangin Mersenne tana haifar da cikakkiya ɗaya: 3 sau 2 ya ba da 6, 7 sau 4 ya ba da 28, 31 sau 16 ya ba da 496. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya yi tunani a kan kwanaki shida na halitta. Ra'ayinsa shi ne, shida ba ta zama cikakkiya don an gama aikin halitta cikin kwana shida ba. Cikarta ce ta sa aka zaɓe ta. A wurinsa, mai nazarin lamba yana duban wani tsari ne da ya riga shi zuwa.

A nan darajar farko take. Yaron da ya zauna da lissafi yana saba wa zuciyarsa da cewa akwai gaskiyar da ba ta bin son ransa, ba ta karɓar toshiya, ba ta duban sunan mahaifinsa. A ƙasar da maguɗin jarrabawa da takardun boge suka zama abin kuka a kowane taron iyaye da malamai, wannan sabo ba ƙaramin abu ba ne.

Gani ya kori ji

A shekarar 1644 Mersenne ya wallafa jerin lambobi 11 da ya ce su ne gagara-rabo na danginsa har zuwa ninki 257. Mutum ne mai daraja, abokin manyan masana irin su Descartes da Fermat, saboda haka maganarsa ta yi nauyi. Amma ya yi kuskure biyar: ya sa ninki 67 da 257, waɗanda suna rabuwa, ya kuma bar 61 da 89 da 107. An ɗauki fiye da shekara 200 kafin a fara gano wannan.

A 1876 wani Bafaranshe, Édouard Lucas, ya nuna cewa ta ninki 67 tana rabuwa, amma bai iya faɗin abin da yake raba ta ba. Sai a watan Oktoba na 1903, a wani taron masana lissafi a birnin New York, Farfesa Frank Cole ya kawo amsa: 193,707,721 sau 761,838,257,287. An ba da labari cewa bai ce uffan ba. Ya je ga allo, ya lissafa lambar Mersenne a gefe ɗaya, ya ninka waɗannan biyu a ɗaya gefen, amsoshin suka zo daidai, ya koma ya zauna, jama'a suka miƙe suna tafi. An kuma ce ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe kafin ya samo su. Darajar Mersenne ba ta kare kuskurensa ba, Cole kuma bai bukaci zagin kowa ba. Allo ne ya yanke hukunci.

Mai karatu zai iya tambaya: lambar da ba wanda ya taɓa karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, ta yaya aka san ba ta rabuwa? Ba a gwada raba ta da kowace lamba ba, gama wannan ba zai ƙare ba. An bi wata hanya ce da Lucas ya fara, Derrick Lehmer ya kammala a 1930, wadda ɗan sakandare zai iya gwadawa a kan 31. A fara da 4. A ninka ta da kanta a ɗebe 2, an sami 14. A sake yin haka, an sami 194. A raba da 31, saura 8. A ninka 8 da kanta a ɗebe 2, an sami 62, wadda 31 ta raba ba saura. Rashin sauran nan a mataki na ƙarshe shi ne shaida. Ga 31 matakai uku ne. Ga lambar Durant matakai 136,279,839 ne.

Duk da haka ba a yi gaggawar shela ba. A ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a Dublin ta ba da alamar farko. Washegari wata a San Antonio ta jihar Teksas ta tabbatar. Sa'an nan aka ba waɗansu mutane, da na'urori dabam da manhajoji dabam, suka sake lissafin. Sai ranar 21 ga wata aka sanar wa duniya. Mutumin da ya zuba dukiyarsa ya yarda ya jira waɗansu su nemi kuskurensa. Wannan ita ce daraja ta biyu: halin wanda yake faɗin abin da ya gani, ya nuna hanyar da ya bi, ya kuma buɗe littafinsa ga mai bincike. Ma'ajin ƙungiya, da ɗan kwangila, da mai riƙe da kuɗin marayu, duka suna bukatar wannan hali.

Gaba da gabanta

Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, a Iskandariya ta ƙasar Masar, Yuklid ya tabbatar da cewa gagara-rabo ba su da iyaka. Hujjarsa gajeriya ce. A ce wani ya zo da jeri ya ce ya tattara su duka. A ninka dukansu tare, a ƙara 1. Sabuwar lambar ba wadda za ta raba ta a cikin jerin, domin kullum 1 zai saura. Saboda haka ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa wata da ba ta cikin jerin ce take raba ta. Misali, 2 sau 3 sau 5 a ƙara 1 ya ba da 31, sabuwa. Idan aka ninka 2, 3, 5, 7, 11 da 13 aka ƙara 1, ana samun 30,031, wadda ita ce 59 sau 509, dukansu kuwa ba sa cikin jerin. Kowane jeri da gibinsa.

Ma'anar wannan ita ce, duk mai neman babbar gagara-rabo ya san tun kafin ya fara cewa ba shi ne na ƙarshe ba. Jonathan Pace, injiniya kuma dikin a wata ikkilisiya a garin Germantown na jihar Tennessee, ya yi shekara 14 yana ba da kwamfutoci ga aikin sa-kai da George Woltman ya kafa a 1996 domin wannan nema. A ranar 26 ga Disamba 2017 wata kwamfuta ta ikkilisiyarsa, bayan kwana shida tana lissafi ba tsayawa, ta gano lamba mai alƙaluma 23,249,425. Kafin shekara ta zagayo, a Disamba 2018, wani ya gano wadda ta fi ta. Ta Durant ta zo ta wuce wannan. Ita ma, bisa ga hujjar Yuklid, akwai waɗanda suka fi ta ba adadi, ko an gano su ko ba a gano ba.

Aikin da aka san ba shi da ƙarshe yana koya wa mai yinsa tawali'u. Mutum yakan karɓi abin da na baya suka bari, ya ƙara nasa kaɗan, ya miƙa wa na gaba. Har yau ba wanda ya tabbatar ko dangin Mersenne kansa yana da iyaka ko ba shi da ita, ba kuma wanda ya san ko akwai cikakkiyar lamba da 2 ba ta raba ta. Tambayoyin suna nan a buɗe, kuma ba dokar da ta ce mai amsa su ba zai fito daga Kwali ko Kafanchan ko Katsina ba.

Abin da ya rage ga iyaye

Duk wannan bai share ƙarar mai yunwa ba. Wanda yake da dukiya zai ba da lissafin yadda ya kashe ta, kuma mai hankali yana iya cewa da an raba kuɗin Durant wata hanya da ya fi. Uban da ya ce wa ɗansa ya nemi sana'ar da za ta riƙe shi bai yi laifi ba. Laifin yana zuwa ne sa'ad da aka koya wa yaro cewa abin da ba a sayarwa ba shi da daraja. Yaron da ya haddace wannan darasi ba a lissafi kaɗai zai yi aiki da shi ba. Wata rana zai auna gaskiya da shi, ya auna alkawari, ya auna kula da tsohuwar da ba ta iya kawo komai gida kuma. Duka waɗannan ba su da farashi a kasuwar Wuse.

Ba a kuma bukatar dala miliyan biyu kafin a fara. Eratostenis, mutumin Kurane a ƙasar Libiya ta yau, ya bar wata dabara da ake kira rariya, wadda takarda da fensir sun ishe ta. A rubuta lambobi daga 2 zuwa 100. A bar 2, a soke duk waɗanda 2 take rabawa. A bar 3, a soke nata. A yi haka da 5 da 7. Abin da ya tsaya a kan rariya su ne gagara-rabo 25. Iyali za su iya yin wannan da yamma ɗaya bayan cin tuwo. Idan a cikin yaran aka sami wanda ya ƙi tashi, yana tambaya me ya sa 91 ta faɗi amma 97 ta tsaya, kada a yi saurin ce masa ya bar wasa. A ba shi wata takardar, a bar shi ya kai 200.